Kimiyya da Wake da Kanwa: Amsoshin Wasiƙun Malaman Firamare da Iyaye

Wasiƙun wannan karo yawanci daga Kebbi suka zo, sai guda daga Zamfara, kuma kusan duk kuka ɗaya suke yi: manhaja ta ce yara su gwada da hannunsu, makaranta kuwa ba ta da ɗakin gwaji. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ina koyar da aji uku. Ba mu da ko kwalbar gwaji ɗaya. Darasin tsirowar iri na tafe, kuma na gaji da zana wake a allo yara suna kwafa. Ta ina zan fara? (Wata malama, daga Jega)

Amsa: Malama, darasin da kika ambata ya fi kowanne sauƙin farawa, domin kayansa na cikin shara da kwanon awo. Kowane rukuni na buƙatar gorar ruwa ta roba guda 4, ƙwayar wake 20 da tsohon tsumma ko auduga. Ke za ki yanke gorunan tun a gida, ki bar tsawon yatsu huɗu daga gindi, ki ajiye saman don rufi. Kada ki ba yara reza.

Kafin a taɓa komai, rubuta tambaya ɗaya a allo: me wake yake bukata kafin ya tsiro? Za su ce ruwa, ƙasa, rana, taki. Rubuta duka, har wanda kika san ba daidai ba ne, kuma kada fuskarki ta nuna. Nan ne wahalar aikin take, domin bakin malami ya saba da gyara. Idan kika faɗi amsa a ranar farko, sauran kwanakin sun zama wasan kwaikwayo.

Sai a shimfiɗa tsumma a gindin kowace gora, a jera wake biyar-biyar. Ta farko a jiƙa tsumman da ruwa murfin gora biyu, a ajiye kusa da taga. Ta biyu a jiƙa daidai haka, amma a sa ta cikin kwali a rufe. Ta uku a bar ta a bushe. Ta huɗu a cika ta da ruwa har ya shanye waken. Ki lura kowace gora da abu ɗaya tak ta bambanta da ta farko. Idan kika sa ta cikin duhu kuma kika rage mata ruwa, in ta ƙi tsirowa babu wanda zai iya cewa duhun ne ko ƙishin. Yaran aji uku suna gane wannan idan aka ce musu tsere ne, kuma ba a tsere wani da takalmi wani da buhu a ka.

A fara ranar Litinin. Zuwa Laraba ko Alhamis saiwa za ta leƙo a gora ta farko, kuma abin da zai tayar da hayaniya a ajin shi ne ta cikin kwali ma ta tsiro, alhali kusan kowa ya rantse sai da rana. Ki bar su su yi gardama. Bayan mako guda ta cikin duhun za ta fi tsawo, siririya, rawaya, ta fara langaɓewa, ta taga kuwa gajera ce koriya shar. Daga nan su da kansu za su raba abu biyu da littafi kan cakuɗa musu: iri ba ya bukatar haske don ya tsiro, domin da guzurinsa ya zo a cikin ƙwaya, amma tsiron na bukatarsa don ya rayu. Na cikin ruwa tsundum zai kumbura ya yi wari, saboda ruwan ya hana shi iska. Babu ƙasa a ko ɗaya, don haka wanda ya ce ƙasa ma ya sami amsarsa.

Abin da ya fi ɓata wannan gwaji shi ne son kai na yara: kowa na so ya ba waken rukuninsu ruwa, sai ta farko ta koma ta huɗu, funfuna ta rufe ta. Yaro ɗaya ne mai ban ruwa, murfi ɗaya kowace safiya, kuma in an karkata gorar kada ruwa ya gangaro. Da hunturu matsalar takan juya, tsumma ya bushe kafin a tashi, sai a kifa saman gorar ba tare da murfi ba. Waken da ƙwaro ya huda a tsince shi. Mako guda kafin darasin ki gwada ƙwaya 10 a gida. Idan ƙasa da 7 suka fito, sake wake. Irin shuka da aka barbaɗa wa hoda ja ko shuɗiya kuwa magani ne a jikinsa, kada ya shiga aji ko kaɗan.

Tambaya: Yara 90 ne a ajina, darasi kuma minti 35. Da na raba kaya aji ya zama kasuwa. Hedimasta ya fara cewa wasa nake sa su yi, jarrabawa na zuwa. (Wani malami, daga Birnin Kebbi)

Amsa: Malam, rabon kaya ne ke cinye lokacin, ba gwajin ba. Ka kafa rukuni 10 na yara tara-tara da ba sa canzawa har ƙarshen zango, kowanne da sunansa da kwalinsa. A cikin rukuni a san mai ɗauko kwali, mai yin gwaji, mai aunawa, mai rubutu da mai faɗa wa aji abin da aka gani, kuma aikin ya riƙa zagayawa mako-mako, in ba haka ba manyan maza za su riƙe kaya 'yan mata su zama 'yan kallo. Tambaya da zato su ci minti 5 kafin kwali ya bar gaban allo, gwaji minti 15, sauran na bayani da kwashe kaya. Abin da ke da ruwa a yi shi a gindin bishiya.

Game da hedimasta, ba shi da laifi idan bai ga komai a rubuce ba. Kowane yaro ya ware littafi, kowane gwaji layi huɗu: tambayarmu, abin da na zata, abin da muka yi, abin da muka gani. Zane ma rubutu ne ga 'yan aji ɗaya da biyu. Kada ka rage maki don zato bai yi daidai ba, domin ranar da ka yi haka za su fara barin layin fanko sai sun ga sakamako su cike. Makin na wanda ya rubuta abin da idonsa ya gani ne, ko da ya saɓa wa littafi. Ka bar su su yi bayani da Hausa, sannan ka rubuta kalmar Turancin da jarrabawa za ta tambaya a gefen zanensu. Kalmar da ta sauka kan abin da yaro ya riga ya taɓa ba ta saurin tashi.

Tambaya: An ce zoɓo na canza launi idan ya haɗu da abu mai tsami ko mai kanwa. Na gwada a gaban 'yan aji biyar, na matsa lemon tsami, babu abin da ya faru, na zuba ruwan sabulu, shiru. Na ji kunya ƙwarai. Ƙarya ce ko ni na kuskure? (Wata malama, daga Yauri)

Amsa: Ba ƙarya ba ce, Malama, kuma kuskuren naki kusan kowa da shi yake farawa. Abu biyu ne. Na farko, zoɓon sha ya yi kauri, launinsa ya yi duhun da ko ya canza ido ba zai gani ba. Na biyu, zoɓo shi kansa mai tsami ne, don haka matsa masa lemo kamar kai wa mai gishiri gishiri ne, jan zai ɗan ƙara haske kawai. Tsamin nan nasa ne kuma ya cinye ɗan ruwan sabulun da kika zuba kafin ya yi tasiri.

Ga yadda za ki sake. Jiƙa tafin hannu ɗaya na busasshen zoɓo a rabin lita na ruwan zafi minti 10, ba sukari, ba citta, ba kayan ƙamshi. Tace, ki bari ya huce. A kofin roba mai garai-garai ki haɗa cokali 1 na zoɓon da cokali 5 ko 6 na ruwa, har sai kina hango yatsanki ta cikinsa. A gefe kuma ki daka kanwa, ƙaramin cokali 1 a rabin kofin ruwa, ki motsa, ki bari ƙasar ta kwanta, ki tsiyaye na saman. Kanwar kasuwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne, don haka ki gwada taki a gida tukuna.

Da kanwar za a fara, ba da lemo ba. Yaro ya riƙa ɗiga ruwan kanwa da tsinken shan lemo, yana toshe samansa da yatsa, wani na riƙe da farar takarda a bayan kofin. Ja zai dusashe, ya bi ta wani shuɗi-shuɗi mai duhu, ya koma kore mai duhu. Sai ki tambaye su ko za a iya dawo da jan. A nan lemon tsami zai yi aikinsa: ɗigo bayan ɗigo, 'yan kumfa na tashi, launin na komawa ja. Kumfar iskar kabon dayoksaid ce da ke fita idan tsami ya haɗu da kanwa. Kada a bar kofin ya daɗe a kore, domin bayan ɗan lokaci kanwa na lalata launin ya koma ruwan ƙasa, lemo ba zai dawo da shi sosai ba.

Daga nan binciken gaske ke farawa. Wa ya fi tsami, lemo ko tsamiya? Harshe zai yi gardama, amma ɗigo ba ya yi. Kofi biyu, zoɓo daidai, kanwa daidai, a ƙirga ɗigon da kowanne ya ci kafin ja ya dawo. Wanda ya ci kaɗan shi ne mai ƙarfi. Wani yaro mai kaifi zai ce ai ya danganta da yawan ruwan da aka jiƙa tsamiyar, kuma gaskiyarsa, ki yaba masa a gaban kowa. Su gwada ruwan toka, nono mai tsami, ruwan gishiri. Gishiri ba zai canza komai ba, wannan ma sakamako ne a rubuta. Ki kuma tura su gida da tambaya ga iyayensu mata: me ya sa ake jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa? Ilimin nan yana madafi tun kafin a kawo shi aji.

Abu biyu kada su kusanci wannan darasi: bilicin wanki, domin yana kashe launin gaba ɗaya kuma in ya haɗu da tsami yana fitar da iska mai guba, da sodar haɗa sabulu, wadda ke ƙona fata. Ruwan kanwa ma yana da zafi a ido, a ajiye butar ruwa kusa. A faɗa musu tun farko, zoɓon gwaji ba na sha ba ne.

Tambaya: Littafinmu ya ce inuwa ta fi gajarta da ƙarfe 12 na rana. Mun kafa sanda, amma yara suka ga ta ci gaba da raguwa har bayan sha biyu da rabi. Na ce musu agogona ne ya lalace. (Wani malami, daga Gwandu)

Amsa: Agogonka lafiya lau, Malam, kuma yaranka ne da gaskiya. Ka koma ka faɗa musu haka, zai fi musu darasin kansa amfani.

Nijeriya duka agogo ɗaya take bi, wanda aka ɗaure da layin digiri 15 gabas, layin da ya bi ta wajen Njamena a Chadi, gabas da Maiduguri ma. Duniya na juya digiri 1 a minti 4. Birnin Kebbi na kan digiri 4 da 'yan kai, wato tazarar kusan digiri 11, don haka rana kan iso tsakiyar samanku kusan minti 43 bayan agogo ya buga 12. Ban da wannan, tafiyar rana na gaba da agogo ko baya da shi da kusan kwata, gwargwadon wata. Shi ya sa a yankinku inuwa kan fi gajarta wajen 12:30 a farkon Nuwamba, amma a tsakiyar Fabrairu sai dab da ƙarfe 1. A Gusau a rage kimanin minti 10. Wannan lokaci shi ne wanda rana ke gotawa a yi zawali, kuma duk yaron da ya lura cewa lokacin Azahar na matsawa cikin shekara ya riga ya san rabin labarin.

Don a auna da kyau, sanda ta zama mita 1 a saman ƙasa, fili ya zama shimfiɗaɗɗe, a tabbatar ta miƙe ta hanyar rataya dutse a zare a gefenta. Sanda mai karkata ita ce ke ba da lissafin banza. Daga 12:00 zuwa 1:30, kowane minti 15 yara biyar su fita, su kafa tsinke a bakin inuwar, su auna da igiya su ɗora a rula. Ba sai aji duka ya tsaya a rana ba, kuma kada kowa ya ɗaga kai ya kalle ta.

Idan aka bar sandar shekara guda ana aunawa sau ɗaya a wata, za a ga abin da littattafan da aka rubuta don Turai ba sa faɗa. A ƙarshen Disamba inuwar tsakar rana na kaiwa kusan santimita 72, tana fuskantar arewa. Tana ta raguwa har wajen 22 ga Afrilu ta shige gindin sandar, kamar babu. Daga nan sai ta ɓullo ta kudu, ta kai kusan santimita 19 a ƙarshen Yuni, ta sake ɓacewa wajen 20 ga Agusta, ko da yake a lokacin hadari kan rufe rana kuma ana hutu.

Tambaya: Ni ba malami ba ne. 'Yata mai shekara 8 ta tambaye ni me ya sa ƙusa ke nutsewa amma jirgin ruwa na ƙarfe ba ya nutsewa. Na ce ikon Allah, ta ce ta sani, amma ta yaya? (Wani uba, daga Argungu)

Amsa: Allah ya raya ta, Malam. Ku da ke bakin Matan Fada, inda masunta ke kwanciya kan gora da homa a hannu, amsar na gabanku. Cika bokiti kusan baki, ka ba ta gorar roba fanko a rufe, ka ce ta danna ta ƙasa. Za ta ji ruwa na turo hannunta, ta kuma ga ruwan ya hau. Abin da ya shiga ruwa sai ya ture wani ruwan ya sami wuri, ruwan kuma na tura shi sama da ƙarfi daidai nauyin wanda aka ture. Ƙusa 'yar siririya ce, ruwan da take turewa bai kai nauyinta ba. Jirgi kuwa an buɗe ƙarfensa ya yi ciki, yana ture ruwa mai yawa.

Kada ka faɗa mata wannan tukuna. Ba ta murfin kwalbar lemo na ƙarfe guda biyu, ɗaya yadda yake, ɗaya ka ninke shi da guduma. Ta faɗi zatonta, sannan ta ɗora na farkon a hankali, bakinsa sama. Zai yi iyo, ninkakken ya nutse, alhali ƙarfe ɗaya ne, nauyi ɗaya. In na farkon ya nutse, ruwa ne ya shiga cikinsa wurin ɗorawa, a goge a sake. Lemon zaƙi da ɓawonsa yakan yi iyo, in an ɓare ya nutse, saboda iskar da ke cikin ɓawon. Ɗanyen ƙwai sabo na nutsewa a kofin ruwa, amma in aka narkar da babban cokali 3 na gishiri sai ya taso. Wanda ya taso tun ba gishiri tsoho ne. In an gama a zubar da ruwan bokitin saboda ƙannenta masu rarrafe.

Tambaya: Za mu yi darasin duwatsu da ƙasa. Na yi niyyar in ce kowane yaro ya kawo dutse daga gida. (Wani malami, daga Anka)

Amsa: A yankinku, Malam, kada ka yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma sanadin shi ne dutsen zinariya da ake kawowa cikin gida ana daka shi, ƙurar na shiga ƙasar da yara ke wasa. Dutse mai ƙyalli shi ne wanda yaro zai zaɓa, kuma ido ba ya bambance mai dalma da marar dalma. Kai ka zaɓo kayan daga wurin da ba ya kusa da ramin haƙa ko injin niƙan dutse: yashin gini, jar ƙasa, baƙar ƙasar fadama. Babu daka, babu lasa, a wanke hannu da sabulu kafin tara.

Gwajin da ya fi dacewa shi ne wace ƙasa ta fi riƙe ruwa. A kifa saman gora uku kamar mazurari, a toshe bakin da tsumma, a zuba kofi 1 na busasshiyar ƙasa a kowanne, a bi da kofi 1 na ruwa, a auna abin da ya tsiyaye bayan minti 10. 'Ya'yan manoma za su faɗa maka dalilin da ya sa ake shuka shinkafa a fadama, gero a jigawa. Idan wata ƙasar da damshinta ta zo, lissafin ya ɓaci, don haka a shanya duka kwana biyu.

Tambaya: Na ciro ƙananan ƙwayayen fitila daga matacciyar tocila, na haɗa da batir da waya, ko ɗaya bai kama ba. (Wata malama, daga Zuru)

Amsa: Ƙwayayen tocilar zamani ba irin na da ba ne. Farin yana bukatar kusan bolt 3, batirin tocila kuwa 1.5 ne, don haka sai an jera biyu, kan wannan a gindin wancan, a naɗe su da takarda a ɗaure da roba su matsu. Uku za su ƙona shi. Sannan wuta ta hanya ɗaya take bi a cikinsa: doguwar ƙafa ta tafi wajen kan batir mai ɗan tudu. In an riga an datse ƙafafun, a juya shi kawai a sake gwadawa, kuma ki bar yara su gano juyin da kansu. Wayar da aka warware daga tsohuwar rediyo tana da siririn fenti da ba a gani, sai an kankare bakinta har ya yi ƙyalli.

In ya kama, a raba wayar a tsakiya a riƙa cike giɓin da cokali, ƙusa, tsinke, roba, tsabar kuɗi, bakin fensir, ana faɗin zato kafin kowanne. Bakin fensir na ba su mamaki, domin yakan kawo haske ko da dishi-dishi ne. Kwanon sha mai fenti zai ƙi sai an taɓa inda fentin ya ɓare. Idan waya ta yi zafi a hannu, ta haɗe kai da gindin batir ba tare da ta bi ta ƙwan ba, a saki nan take, in ba haka ba batirin ya ƙare cikin 'yan mintoci. Batirin wayar salula, na babur da na sola ba na aji ba ne, soket ɗin bango kuwa ko babu wuta a gari kada a kusance shi. Batirin da ya fara zubar da farin gari a cire shi daga kwali, kuma a ƙirga batura kafin a tashi, domin akwai yaron da zai so ya fasa ɗaya a gida ya ga abin da ke ciki.